Darasi Na Tara: Akwatin da ke Raba Wuta a Jikin Mota da Yadda Ake Canza Shi

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar Peugeot 504, irin wadda masana'antar Kaduna ta fara harhaɗawa a 1975, ya san wutarta ba ta da wani ɓoyayyen sirri. Waya ta tashi daga batir, ta bi ta fiyus, ta shiga makunni, ta ƙare a ƙwan fitila. In fitila ta ƙi kamawa, sai a bi wayar da ido da hannu har a iske inda ta tsinke. Kanikawan wancan zamani da ɗan ƙwai guda mai waya biyu suke gano kusan kowace matsala.

Motocin da ke zirga-zirga yau a kan babbar hanya ta ɗaya, daga Gidan Runji zuwa Maraɗi, a wuce Cadawa da Agye da Gazawa, da waɗanda ke ratsewa su shiga Gangara da ƙauyukanta, yawancinsu ba haka suke ba. Na hannu ne, sun gama yayinsu a Turai ko Amurka, aka sauke su a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko ta Lome, ko kuma aka sayo su daga Najeriya ta Jibiya da Ɗan Isa. A cikin irin waɗannan motoci, idan direba ya murɗa makunnin fitila, ba wuta ya aika wa ƙwan ba. Saƙo ya aika wa wani ɗan akwati da ke ɓoye a ƙarƙashin allon gaba, akwatin ne zai duba saƙon ya saki wutar. Kamar gidan da mabuɗin rumbu yake hannun maigida ne: duk mai girki sai ta aika masa, shi zai auno mata hatsi. Ranar da ya kwanta rashin lafiya, hatsi na nan cike da rumbu amma tukunya ba za ta hau wuta ba.

Sunan akwatin ya danganta da kamfanin da ya ƙera motar. Gama-garin sunansa BCM. Peugeot da Citroën suna kiran nasu BSI, Renault kuma UCH. A gareji za ku ji ana cewa kwamfutar jiki, don a bambanta shi da kwamfutar inji. Wannan bambanci a riƙe shi da kyau, domin an sha sayo ɗaya alhali ɗayan ake nufi. Kwamfutar inji aikinta mai da iska da tartsatsin filogi. Ta jiki ita ke kula da fitilun waje da na ciki, sigina, waifa, hon, gilasan da ke hawa da sauka da wuta, makullin ƙofofi da rimot, a wasu motocin ma har da tsaron da ke hana inji tashi in ba da makullinsa na asali ba.

Akwatunan nan suna magana da junansu ta wasu wayoyi biyu da aka murɗe wuri guda kamar igiya. Tsarin ana ce masa CAN, kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da shi a 1986. In kun ga waya biyu a tuƙe a cikin damin wayoyi, kada a soke su da allura, kada a ɗauki wutar rediyo ko ta fitilar ado daga jikinsu. Ba wutar aiki suke ɗauke da ita ba, zance suke kaiwa.

Alamomin da ke sa a fara zargi

Ƙwai ɗaya ya mutu, ko gilashi ɗaya ya ƙi sauka, wannan ba maganar akwati ba ce. Abin da ke jawo hankali gare shi shi ne abubuwa da yawa da ba su da alaƙa da juna su rikice lokaci guda. Waifa ta tashi aiki da tsakar rani ba wanda ya taɓa ta. Ƙofofi su kulle kansu, su buɗe kansu. A zare makulli a shiga gida, fitilar baya ta kwana a kunne. Hon ya ɗauki kuka da tsakar dare har maƙwabta su fara cewa an yi wa motar sammu. Ko kuma sabon batir ya wayi gari babu ko ɗigon wuta, a yi caji, jibi ya sake mutuwa.

To amma duk waɗannan alamomi, babu ko ɗaya da raunin batir ko tsatsar waya ba za su iya kawowa ba. A nan ne kuɗin mutane ke salwanta.

Kafin a ɗora masa laifi

Mu ɗauki misali. Direba ya kawo mota gareji, ya ce: "Maigida, an gaya mini kwamfuta ce ta ƙone. Nawa za a samo mini wata daga Kano?" Mai gyaran da ya san aikinsa zai ce: "Alhaji, bari mu fara gaisawa da batir tukuna." Ba jan rai ba ne. Akwatin yana da tsada, samunsa sai an yi aike mai nisa, kuma wanda ya sayar ba ya karɓa in an dawo da shi. Saboda haka shi ne na ƙarshe a layin waɗanda ake tuhuma.

A sa mita a kan batir, inji a kashe, bayan motar ta ɗan huta. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. In ya nuna 12.2, kamar rabi ne ya rage. Ƙasa da 12, ya yi rauni ƙwarai, kuma kwamfutocin mota ba sa jure yunwar wuta: da ta ragu sai su fara shirme. A tada inji a sake aunawa. Ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. In ya tsaya a 12 da ƴan kai, altaneta ba ta caji. In ya haura 15, tana cika wuta fiye da kima, kuma wannan shi kansa yana iya ƙona akwati, har da sabon da za a sa. Zafin watan Afrilu da Mayu a yankin Maraɗi, lokacin da ma'auni ke wuce 40, yana gajarta ran batir sosai, don haka kada a ce ai bara aka saya.

Masu Peugeot 307 da ire-irenta su lura da wani abu. Wani lokaci allo yana rubuta "Mode économie actif", rediyo ya ɗauke, fitilar ciki ta mutu. Wannan ba lalacewa ba ce. BSI ne ya ga an daɗe ana cin wuta inji a kashe, ko batir ya yi ƙasa, sai ya rufe abubuwan da ba dole ba don a samu na tada mota. A tada inji ya yi aiki na wani lokaci, komai zai dawo.

Bayan batir sai kawunansa da wayar as, wato baƙar wayar da ke tashi daga kan batir mai alamar ragi ta ɗaure a jikin ƙarfen mota. A kwance ta a duba. Sau da yawa za a tarar da farin gari ko kore-kore ya taru a ƙarƙashin noti, ƙarfen ya yi ja da tsatsa, wayar kuma in an lanƙwasa ta sai a ji tana ƙas-ƙas daga ciki. A kankare da takardar yashi har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tam. Akwai wasu ƙananan wayoyin as a ƙarƙashin allon gaba da gefen ƙafar direba, su ma a bi su. Hanyoyinmu na yashi da gargada suna sassauta noti fiye da yadda maƙeran motar suka yi tsammani.

Sai fiyus. Kada a wadatu da kallo, a auna kowanne da mita. A nan ne za a ga aikin da aka yi wa motar a baya: fiyus na amfa 10 an cire an cusa na 30, ko an naɗe wanda ya ƙone da takardar azurfa ta kwalin taba, ko an ratsa siririyar waya a gurbinsa. An sa fiyus ne don ya mutu a madadin abin da ya fi shi tsada. Wanda ya hana shi mutuwa ya miƙa wa wuta akwatin da hannunsa.

Akwai wuraren da waya ta saba tsinkewa. Na farko shi ne baƙar robar nan mai ninki-ninki da ke tsakanin ƙofar direba da jikin mota. Kullum ana buɗewa ana rufewa, shekara goma sha biyar ko ashirin, dole tagulla ta gaji. A ja robar baya a duba wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Matsalar gilashi da ta makullin ƙofa da yawa a nan take ƙarewa, da ɗan dalma da salatif. Na biyu shi ne bayan allon gaba. Motar da ke dakon gero da gyaɗa da wake daga kasuwannin ƙauye, ta kwana kusa da rumbu, ɓera ba ya rabuwa da ita. In an cire akwatin ajiya na gaban fasinja aka ga ɓawon gyaɗa da yagaggen tsumma, to a nemi wayar da aka gwaguya.

Idan ƙorafin shi ne batir yana mutuwa cikin dare, akwai gwajin da ke nuna ɓarawon. A kashe komai, a zare makulli, a cire wayar ragi, a sa mita a ma'aunin amfa 10 tsakanin kan batir da wayar. Kada a kuskura a murɗa makulli don tada inji mita tana haɗe, za ta ƙone. A jira kamar rabin awa, domin kwamfutocin ba sa barci nan take. Motar da ke lafiya ba ta cika wuce miliamfa 50 ba. In ta wuce da yawa, a riƙa zare fiyus ɗaya-ɗaya ana kallon mita har lambar ta faɗi. Mafi yawan lokuta laifin na wani abu ne da aka ƙara wa motar daga baya, kamar rediyo mai manyan lasifika ko na'urar bin sawu, ko kuma na fitilar but da ba ta mutuwa.

Sai an wuce duk wannan ake ɗauko na'urar bincike. Ana soka ta a wani soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Amurka ta wajabta shi a motoci tun 1996, Turai kuma daga 2001 ga masu shan fetur, 2004 ga masu shan gas. Lambobin da na'urar ke fitarwa suna farawa da harafi: P na inji ne da giya, B na jikin mota, C na birki da ƙafafu, U na maganar da ke tsakanin kwamfutoci. Lambar U0140 tana nufin sauran kwamfutoci sun daina jin akwatin jiki. Ku lura, cewa ta yi ba a jin sa, ba ta ce ya mutu ba. Mai yiwuwa wuta ce ba ta isa gare shi, ko as ɗinsa ya kwance, ko wayar zancen ta tsinke. Don haka a cire soket ɗinsa a tabbatar da mita cewa wuta da as suna zuwa har bakinsa. Ƙananan na'urori masu araha da ake haɗawa da wayar hannu galibi inji kaɗai suke karantawa. In sun ce babu matsala, ba su leƙa jikin mota ba ne.

In wuta na shiga, as yana da kyau, saƙon makunni yana isa, wayar da ke zuwa fitila lafiya lau, amma akwatin ya ƙi sakin wuta, ko ya saki ya ƙi ɗaukewa, to yanzu laifi ya tabbata a kansa.

Me ya kashe shi?

Wannan tambaya dole a amsa ta kafin a sa wani, in ba haka ba sabon ma zai bi sawun tsohon. Babban makashinsa ruwa ne. A ƙasan gilashin gaba akwai magudanar da ruwan sama ke bi ya zube ƙasa. Ƙurar hunturu da ganyen dogon yaro suna toshe ta, ba mai lura, sai ruwan farko na damina ya taru ya sami hanya ya ɗiga cikin mota. A Volkswagen Passat ta ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2005, akwatin da ke kula da ƙofofi da gilasai a ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa ta gaba yake, ɓangaren hagu, daidai inda ruwa ke kwanciya. Ga kuma ƙetare kwazazzabai a watan Agusta, da ambaliya irin wadda ta auka wa Maraɗi a daminar 2024, da masu wankin mota da ke feshin ruwa mai ƙarfi ta ko'ina. In an zare soket aka ga ƙafafun sun yi kore, ko aka buɗe murfin aka ga farin tabo kamar na kanwa a kan faranti, ruwa ne.

Sauran makasan duk aikin hannu ne. Jona batir a juye. Jan wuta daga babbar mota mai bolt 24. Yin walda a jikin mota ba a cire batir ba. Da kuma al'adar nan ta cire kan batir inji yana aiki wai don a ga ko altaneta na caji. A zamanin 504 an yi an zauna lafiya. A motar yau, batir shi ke shanye hauhawar wuta, in an cire shi sai ta faɗa kan kwamfutoci. Mita ba ta kai kuɗin akwati ɗaya ba, a saya a daina wannan gwaji. Akwatin da wuta ta ƙona yana da wari irin na ƙonanniyar roba, in an kai hanci za a ji.

Wani lokaci ma ba sai an canza ba. In tsatsa a ƙafafun soket ta tsaya, a wanke da maganin feshin da aka yi don haka, a bari ya bushe sarai. In wani ɗan rile ne ya ƙone a kan faranti, ƙwararren mai gyaran rediyo ko wayar hannu yana iya cire shi ya dasa wani.

Sayen wani

Sabo fil yana da wuyar samu, tsadarsa kuma takan kai a yi tunanin rabuwa da motar. Mafi yawan mutane na hannu suke nema, a wajen masu kayan gyara na Maraɗi, ko Katsina, ko kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Kada a aika da sunan mota kawai. Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, tana iya zuwa da akwati iri-iri, gwargwadon ƙasar da aka ƙera ta dominta da kayan da aka sa mata. A ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin tsohon, lambobin su fito sarai, a tura ta WhatsApp, mai sayarwa shi ma ya turo hoton nasa a gwada harafi da harafi. In da hali a tafi da tsohon a hannu. A duba ƙafafun wanda za a saya, a sunsuna shi, a yi magana a kan canji tun kafin a biya.

Ga wata tambaya da ta fi duk waɗannan muhimmanci: shin a wannan motar akwatin yana riƙe da sirrin makulli? A Peugeot da Citroën amsar ita ce e. BSI da kwamfutar inji da ɗan ƙwayar da ke cikin kan makulli suna da lambar sirri guda da suka sani a tsakaninsu. In an sa BSI na wata mota, fitilu na iya kamawa, sitata ta juya, amma inji ba zai tashi ba. Mafita uku ce. Ko a sayo su saiti guda daga mota ɗaya, BSI da kwamfutar inji da makulli. Ko a kai tsohon da wanda aka sayo wajen mai na'urar da ke kwafe bayanan wannan ya zuba a wancan, muddin ƙwaƙwalwar tsohon ba ta ƙone ba, shi ya sa ba a jefar da shi. Ko kuma a sa wanda ba shi da bayanin kowace mota a shigar masa da bayanan da na'urar kamfanin, Diagbox, tare da lambar sirri mai gurbi huɗu da ake ba mai motar farko a kan ɗan kati, katin da ba kasafai yake biyo mota har Nijar ba. Akwai wani tarko kuma: BSI yana ajiye lissafin kilomita, in na wanda aka sayo ya fi na motar yawa, allon zai ɗauki babbar lambar ya riƙe. A Toyota da yawa abin ya fi sauƙi, domin tsaron makulli yana da nasa akwati dabam, na jikin kuma a manne yake da gidan fiyus a ƙarƙashin allon gaba ta wajen direba. Duk da haka a tambayi mai na'ura kafin a kwance komai, kuma in aikin na buƙatarsa, a kai motar inda yake tun tana iya tafiya da ƙafarta. Janyo matacciyar mota daga Gangara zuwa Maraɗi wani kuɗin ne dabam.

Aikin canjin

Shi kansa ba shi da wuya. A sauke gilashin direba, a zare makulli a sa a aljihu, don ƙofofi na iya kulle kansu. A buɗe bonet, a rufe ƙofofi, a jira aƙalla minti uku akwatin ya yi barci, musamman a Peugeot. Sannan a cire wayar ragi ta batir, ita ce farkon fita kuma ita ce ƙarshen komawa. A ƙara jiran minti biyu ko fiye saboda jakar iskan kariya, wadda ke riƙe ragowar wuta na ɗan lokaci. Duk soket mai launin rawaya nata ne, ba ruwanku da shi.

Kafin a zare ko waya ɗaya a ɗauki hoto. Kowane soket yana da ɗan harshe ko hannu da ake dannawa ko a ɗaga. Roba ce da ta sha zafin shekaru, in an fizga za ta karye, kuma soket ɗin da harshensa ya karye zai riƙa sassautawa a gargada ya dawo da matsalar da aka yi zaton an gama da ita. A riƙe jikin soket, ba wayoyin ba. A jera tsohon da sabon gefe da gefe a sake duba lambobi, a kuma tabbatar fiyus ɗin da ke jikin sabon kowanne girmansa daidai da na littafin motar ko zanen da ke kan murfi. A ɗaure shi a mazauninsa da notinsa, kada a bar shi yana reto. A tura kowane soket har a ji ya ce ƙas.

A mayar da batir, a dakata kamar minti ɗaya kafin a kunna makulli, kada a tada inji nan da nan. Mai na'ura ya shigar da bayanan mota, ya yi wa makullai da rimot rajista, duka makullan da ake da su a zama ɗaya, domin wanda aka bari a gida yana iya daina aiki. A goge tsofaffin lambobin matsala. Gilasan da ke hawa da taɓawa ɗaya sukan manta iyakarsu, sai a ɗaga kowanne har ƙarshe a ci gaba da riƙe makunnin na ƴan daƙiƙu. Daga nan a gwada komai ɗaya bayan ɗaya, mutum guda a ciki yana kunnawa, wani a waje yana kallo. A sake auna wutar da motar ke ci tana barci. A fasa magudanar da ta toshe, a zuba ruwa da buta a gilashin gaba a leƙa ƙasa a ga ko yana ɗiga ciki.

Aikin aji

Ku rabu uku-uku. Kowane rukuni ya sami mota ɗaya da izinin mai ita, ya auna batir inji a kashe da kuma yana aiki, ya rubuta lambobin biyu, ya faɗi abin da suke nunawa. Ku nemo soket mai ramuka 16 da gidan fiyus na cikin motar, ku duba ko akwai fiyus ɗin da girmansa ya saɓa wa zanen murfi. Sannan ku tattauna wannan: an kawo Peugeot 307 a watan Satumba, waifa tana tashi da kanta, shimfiɗar ƙafar direba a jiƙe, mai motar kuma ya riga ya sayo BSI na hannu daga Katsina yana so a sa masa yau. Waɗanne abubuwa za ku duba kafin ku taɓa akwatin, kuma me za ku gaya masa game da makullinsa?